Wutar da Hazo Ya Lulluɓe

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya bayyana abin da ya so daga halittarsa domin bayi su yi tunani, ya lulluɓe abin da ya so domin su san iyakarsu, sannan ya ba su hankalin bin sawu daga abin da ake gani zuwa ga wanda ba a gani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, haifaffen garin Makka mai alfarma, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka. Dalilin wannan rubutu wata magana ce da ta shiga tsakanina da ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a Jami'ar Ummul Ƙura a nan Makka. Na zo Umara, na sauka a Misfala inda mutanenmu suka saba sauka, shi kuma ya ɗauke ni ranar nan ya kai ni gidan nune-nunen da ke can ƙololuwar hasumiyar agogo, wadda tsawonta ya kai mita 601. A can akwai hotunan rana da wata da biranen taurari da kayan auna lokaci. Da muka fita baranda muka leƙo ƙasa, sai ga masu ɗawafi kamar farin ruwa yana kewaya baƙin dutse. Yaron ya yi shiru, can ya ce: "Kawu, ka ga hoton da muka bari a ciki? Ga shi nan ƙasa. Farare suna kewaye, baƙi a tsakiya. An ce ma baƙin ramin nan yana cikin Alƙur'ani, a Suratut Takwir." Ban ba shi amsa a wurin ba, don maganar ta fi ƙarfin a yanke ta a tsaye. Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, kuma irin wannan magana ta cika wayoyin mutane. Na yi masa alkawarin rubutu, ga shi ina cikawa gwargwadon abin da na karanta.

Abu na farko da baƙo mai lura zai gane a Makkar yau shi ne babu taurari. Ka idar da sallar isha'i a saman Harami ka ɗaga kai, ba za ka ga komai ba sai wata, da wataƙila Zara ko Mushtari. Fitilu sun cinye sauran. Alhali a ƙarƙashin wannan sama ce aka saukar da Suratun Najmi da Suratuɗ Ɗariƙ da Suratul Buruj da ita Takwir ɗin, ga mutanen da suka san taurari kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Kakanninmu da suka taho da ƙafa ta Borno da Wadai da Darfur har bakin teku a Suwakin, wasu shekara biyu, wasu bakwai, sun kwana dubban darare suna kallon Kaza da 'Ya'yanta, suna tashi da Gamzaki. A cikin waɗanda suka taka wannan gari akwai Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bafulatanin Katsina masanin lissafi da falaki, wanda ya zauna a Makka kafin ya wuce Alƙahira, ya rasu a can a 1741 a gidan Hasan Aljabarti. Taurarin da suka gani suna nan ba su gushe ba. Mu ne haske ya yi wa shamaki. To, idan haske kansa yana iya zama lulluɓi, ina ga ƙura?

Shi baƙin rami ba rami ba ne irin wanda ake haƙa da diga. Nauyi ne mai yawa da aka matse a wuri ƙanƙani, har ƙarfin jawowarsa ya kai matsayin da ko haske, wanda ke cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, in ya ƙetare wata iyaka ba ya dawowa. Da za a matse ranarmu har ta koma ƙwallo mai kilomita 3 daga tsakiya zuwa gefe, da ta zama haka. Wani limamin coci a Ingila, John Michell, ya yi hasashen irin wannan tauraro mai duhu tun 1783. Einstein ya fitar da ƙa'idarsa game da ƙarfin jawowa a 1915, Karl Schwarzschild kuma ya warware lissafin da ya nuna wannan iyaka yana bakin daga a yaƙin duniya na farko, aka buga a 1916. Shekaru da yawa bayan haka abin ya zauna a takarda, har shi Einstein bai yarda akwai shi a zahiri ba.

Akwai ƙanana, waɗanda ke samuwa idan gawurtaccen tauraro ya ƙone makamashinsa ya rufta cikin kansa. Ba su ne abin maganarmu ba. Muna magana ne a kan manyan, masu nauyin rana miliyoyi ko biliyoyi, waɗanda ke zaune a cibiyar kusan kowane babban birnin taurari. Namu birnin, wanda Larabawa ke kira Majarra, wato farin layin nan da ke ratsa sama a daren da babu wata, yana da nasa, mai nauyin rana kimanin miliyan 4, a nisan tafiyar haske ta shekara 26,000. Na birnin M87, wanda aka nuna wa duniya hoton inuwarsa ranar 10 ga Afrilu 2019, ya kai nauyin rana biliyan 6.5.

A nan ne abin mamakin yake. Wannan abu da ba ya fitar da haske shi ne kuma tushen haske mafi ƙarfi da aka sani mai ɗorewa a halitta. Iskar da ke gangarawa cikinsa ba ta faɗawa kai tsaye. Kewayawa take yi kamar ruwa a bakin kwata, tana gogar juna, tana zafi har ta yi ƙyalli. Wutar da ke cikin rana tana mayar da abin da bai kai ɗaya cikin ɗari na makamashinta ba zuwa haske, amma wannan kewaye yana iya mayar da kusan kashi goma. Shi ya sa wuri da bai fi faɗin rana da duniyoyinta ba yake iya dusashe hasken taurari biliyan ɗari. A 1963 Maarten Schmidt ya gane cewa wani ɗigon haske mai suna 3C 273, da ake ɗauka tauraro ne na kusa, yana can nisan tafiyar haske ta fiye da shekara biliyan 2. Irinsa ake kira kwazar. A 1969 Donald Lynden-Bell ya ce waɗannan ramuka ne masu ci, kuma in sun ƙoshi sun yi shiru suna nan kwance a cibiyoyin biranen da ke kusa da mu. Lokaci ya gaskata shi.

Yanzu sai maganar ƙura, kuma a nan Bahaushe ba ya bukatar tafinta. Duk wanda ya yi hunturu a Kano ko Maraɗi ya san ranar da hazo ke sauka daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ka dubi rana da tsakar rana ido da ido, ta koma kamar faifai, da yamma ta yi ja kafin ta kai ga faɗuwa, Dala ta ɓace wa mutumin da ke Goron Dutse, jirgi ya zo ya kasa sauka ya juya. Ba wanda ya taɓa cewa Dala ta tashi. Tsakanin taurari ma akwai ƙura, ƙwayoyi na gawayi da na yashi waɗanda suka fi ƙurar hunturu laushi, sun fi kusa da hayaƙi. Halinta ɗaya da tamu: tana tare shuɗin haske, ta bar ja ya ɗan wuce. Baƙaƙen tsagogin da ake gani a jikin Majarra, waɗanda wasu masanan farko suka zaci wuraren da babu taurari ne, ita ce. Sai a 1930 Robert Trumpler ya tabbatar da cewa ta bazu ko'ina a faifan birninmu tana rage hasken duk abin da ke bayanta.

Kaurinta ta fuskar cibiya ya wuce misali. Daga ƙwayoyin haske tiriliyan guda irin wanda ido ke gani da suka taso daga can, kusan ɗaya tak ke isowa gare mu. Saboda haka Reinhard Genzel a Jamus da Andrea Ghez a Amurka, da jama'arsu, suka koma ga hasken da ke ƙasa da ja, wanda ido ba ya gani amma fata tana jinsa a matsayin ɗumi, shi kuwa yana ratsa ƙura. Tun farkon shekarun 1990 suke bin wasu taurari guda-guda, har suka ga ɗaya, mai suna S2, ya kammala kewaye cikin shekara 16 a gefen wani wuri da babu abin da ke haske a cikinsa. Daga saurinsa aka auna nauyin abin da ke riƙe da shi. A 2020 aka ba su kyautar Nobel. Ina so ɗana ya lura da wannan haƙuri: kusan shekara talatin ana kallon wuri guda kafin a yanke hukunci.

Namu ramin yana kwance, ba ya cin wani abin kirki. Amma akwai masu ci, masu ƙuna kamar kwazar, waɗanda duk da haka ba a ganin wutarsu. Wanda ya buɗe wannan ƙofa shi ne birnin NGC 1068, a nisan tafiyar haske ta shekara kimanin miliyan 47. A 1985 Robert Antonucci da Joseph Miller suka tace haskensa, suka ware wanda ya daki wani abu ya karkato daga wanda ya taho kai tsaye, sai ga alamun cibiya mai ƙuna a cikin karkataccen. Misalinsa kamar ka wuce ta bayan wani gida da dare, katanga ta tare maka murhu, amma ka ga ganyen darbejiyar tsakar gidan yana ja yana rawa. Ba ka ga wuta ba, kuma ba ka da shakkar akwai ta. Daga nan aka fahimci cewa yawancin waɗannan cibiyoyi suna da gammon ƙura a kewaye da su. Wanda ya leƙo ta sama ya ga wuta, wanda ya tsaya ta gefe ya ga gammo.

Akwai wata hujja da ta fi wannan daɗewa, ita ce ta fi burge ni. A 1962 Riccardo Giacconi da abokansa suka harba wata ƙaramar roka ɗauke da na'urar gano hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Suka tarar sama duka tana fitar da shi a hankali, ta kowace fuska. Da aka zo aka tara abin da kwazar ɗin da ake gani za su iya bayarwa, sai lissafi ya ƙi cika, musamman ta ɓangaren mai ƙarfin ratsawa. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Wanda ya tsaya a Mina ya ji amon talbiyya ya fi ƙarfin mutanen da idonsa ke gani, ya san akwai jama'a a bayan tudu. A 1989 Giancarlo Setti da Lodewijk Woltjer suka ce ragowar na fitowa ne daga ramukan da ƙura da iska suka binne. Bayan an harba madubin Chandra a 1999, aka kafa shi a kan wani ɗan fili na sama da bai kai faɗin wata ba, aka yi ta tara haske har jimillar daƙiƙa miliyan 7, kusan kwana 81. Aka ƙirga maɓuɓɓuga kimanin 1,000 a wurin, mafi yawansu ramuka masu ci, da yawa a cikinsu lulluɓaɓɓu.

To, mu matsa zuwa farkon zamani. Tunda haske tafiya yake yi, duk abin da ka hango daga nesa tsohon labarinsa kake gani, kamar wasiƙar alhazan dā da ke isa gida bayan mai ita ya bar garin da ya rubuto ta. Masana sun ƙiyasta shekarun wannan halitta da muke iya aunawa a biliyan 13.8. A Janairun 2021 aka sanar da wani kwazar mai suna J0313-1806, wanda muke gani kamar yadda yake lokacin da halitta ke da shekara miliyan 670 kacal, amma nauyin raminsa ya riga ya kai na rana biliyan 1.6. Wannan kamar ka shiga gidan suna ne ka tarar jaririn ya yi gemu.

Ga inda matsalar take, kuma lissafinta ba ya da wuya. Rami ba ya iya haɗiya yadda ya ga dama, domin hasken da cin ke haifarwa yana tura abincin baya. Akwai ma'auni da ake jingina wa Arthur Eddington, inda turawa da jawowa ke yin kunnen doki. Ramin da ke ci a wannan ma'auni ba dare ba rana yana ninka nauyinsa sau ɗaya a cikin shekara miliyan 30 da 'yan kai. In ka fara da irin da tauraro ya bari, mai nauyin rana 100, sai ka ninka sau 24 kafin ka kai biliyan 1.6, wato fiye da shekara miliyan 700, ba tare da ya tsaya ko sau ɗaya ba. Lokacin bai isa ba, balle an san taurarin farko ma sai da aka yi shekara miliyan 100 ko fiye kafin su kunnu. Saboda haka ko dai irin ya fara da girma, kamar yadda Priyamvada Natarajan da wasu ke cewa wani babban gajimaren iska ne ya rufta gaba ɗaya ba tare da ya zama taurari ba, ko kuma akwai lokutan da ramin ke ƙetare ma'aunin ya yi ta haɗiya. Ko wanne ne, ana bukatar abinci mai yawa a kusa. Abinci mai yawa kuwa shi ne lulluɓi mai kauri. Wannan ne ya sa masana suka daɗe suna zargin cewa kwazar masu ƙyalli da ake ƙirgawa a farkon zamani 'yan tsiraru ne da mayafinsu ya yaye, mafi yawa suna girma a ɓoye.

Biranen wancan zamani ba kamar namu suke ba. Matsattsu ne, cike da iska, suna haihuwar taurari ba ƙaƙƙautawa. A biranen da ke kusa da mu gammon da ke bakin rami ne ke tarewa, shi ma ta gefe, amma a can garin gaba ɗaya hazo ne, ta duk inda ka ɓullo. Roberto Gilli da abokansa sun lissafa a 2022 cewa a cikin shekara biliyan ɗaya ta farko, takwas ko tara cikin goma na ramuka masu ci za su iya kasancewa a ɓoye saboda iskar biranensu kaɗai. An kuma samu misali a hannu. Da na'urorin ALMA, faranti 66 da aka jera a kan tudu mai tsawon mita 5,000 a hamadar Atakama ta ƙasar Chile, Ryan Endsley da jama'arsa suka tabbatar da nisan wani birni mai suna COS-87259, a shekara miliyan 750 daga farko. Yana haihuwar taurari kusan ninki dubu na abin da Majarra ke yi, a cikinsa kuma akwai gawurtaccen rami da ƙura ta shanye kusan dukkan haskensa. Yadda aka gane shi abin lura ne. Ƙurar da ta sha haske tana ɗumi, ta fitar da ɗumin ta wata siffa. Tukunya a rufe take, amma in ka taɓa murfin ka san akwai wuta a ƙasa. Abin da ya ɓoye shi, shi ne ya tona shi.

Na kan tsaya a kan ita wannan ƙura in yi shiru. Ba ta cikin kayan farko, domin gawayi da yashi da ƙarfe a cikin taurari ake dafa su, sai tauraro ya tsufa ko ya fashe sannan ya watsar. Ganin ƙura mai yawa a shekara miliyan 750 yana nufin tuni wasu al'ummun taurari sun rayu sun mutu. Kuma daga irin waɗannan sinadarai aka gina ƙasar da muke takawa, wadda daga gare ta aka halicci babanmu Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Tsarki ya tabbata ga wanda ya tanadi turɓaya tun kafin a yi wanda za a gina da ita.

Ranar 25 ga Disamba 2021 aka harba madubin James Webb, mai faɗin mita 6.5, aka ajiye shi a nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, an ƙera shi domin hasken da ke ƙasa da ja. A Nuwamban 2023 Akos Bogdan da abokansa suka haɗa aikinsa da na Chandra suka ba da labarin UHZ1, a shekara miliyan 470 daga farko. Wani taron birane mai suna Abell 2744 ne ya tsaya a tsakani, nauyinsa ya lanƙwasa hasken ya ƙara masa girma kamar tabarau. Sun ce ramin lulluɓaɓɓe ne, kuma nauyinsa ya yi kusa da na dukkan taurarin birninsa, alhali a biranen da ke kusa da mu rami bai cika wuce ɗaya ko biyu cikin dubu na taurarin tsakiyar birni ba. Sai dai ƙwayoyin hasken eksire da aka kama 'yan kaɗan ne bayan kallon mako biyu, don haka hukunci ne da ke jiran ƙarin shaidu.

Sannan ga waɗanda aka laƙaba wa suna jajayen ɗigo, ɗaruruwa, ƙanana, da suka bayyana a hotunan Webb, mafi yawansu daga tsakanin shekara miliyan 600 zuwa biliyan ɗaya da rabi. Ina roƙon ɗana ya bi wannan a hankali. Da farko, a 2023, aka fassara wasunsu da cewa manyan birane ne cike da taurari, har jaridu suka yi ta kururuwar cewa lissafin farkon halitta ya rushe. Da aka tsaga haskensu kamar bakan gizo, aka ga alamar iska mai gudun fiye da kilomita 1,000 a daƙiƙa, sai aka ce ramuka ne da ƙura ta rina ja. Daga baya aka nemi ɗumin ƙurar ba a same shi yadda ake zato ba, hasken eksire ma kusan babu. Zuwa 2025 wasu suka koma cewa lulluɓin ba ƙura ba ne, iska ce mai tsananin kauri da ta naɗe ramin har ya yi kama da tauraro. Fassara uku cikin shekara uku, kuma har yanzu ana kan muhawara. Wannan ba aibi ba ne a gare su. Haka ilimin da ake ginawa a kan gwaji yake tafiya, mai shi ya faɗi iyakar abin da hujja ta ba shi, gobe hujja ta ƙaru ya gyara.

Malaman usulu suna da wata ƙa'ida da ɗalibi ke koya tun da wuri, cewa rashin samun abu ba ya nuna babu shi. Mu kan ce gani ya kori ji, amma ga fage inda ido ne ya fi kowa rauni. Wanda ya ce ba ya yarda sai da abin da ya gani, to masanan falaki ma sun bar shi a baya. Sai dai ƙa'idar tana da ɗaya gefen da ake mantawa: rashin gani ba ya nuna akwai. Ba wanda ya karɓi ramin da ke cibiyar Majarra don ya yi daɗin ji, sai da aka auna kewayen S2. Kuma kada a rikita wannan da gaibi. Gaibin da aka umurce mu da imani da shi, kamar mala'iku da Al'arshi da tashin ƙiyama, ba madubin da zai kai gare shi komai faɗinsa, hanyarsa wahayi ce kawai. Baƙin rami kuwa yana cikin duniyar shaida, ƙura ce ta tare shi, kamar yadda dutsen Abu Ƙubais ke tare wa mutum abin da ke bayansa.

Yanzu ga amsar tambayarka, ɗana. A Suratut Takwir Allah ya yi rantsuwa da wasu halittu masu ja da baya, masu gudu, masu shigewa maɓoya. Ɗabari da Ibnu Kasir sun kawo abin da magabata suka ce. An ruwaito daga Sayyidina Aliyu cewa taurari ne, suna ɓuya da rana su fito da dare. Wasu suka keɓe biyar ɗin nan masu yawo, Zuhal da Mushtari da Mirriku da Zahra da Uɗaridu, saboda yadda suke tafiya gaba su koma baya su shige cikin hasken rana. An ruwaito daga Ibnu Mas'ud cewa shanun daji ne, wasu suka ce barewa, domin kalmar tana da dangantaka da sunan makwancin da barewa ke shiga. A zamaninmu, bayan an kafa hukumar binciken mu'ujizar ilimi a ƙarƙashin ƙungiyar Rabiɗa a nan Makka cikin shekarun 1980, wannan fanni ya bunƙasa, kuma Zaglul Annajjar, masanin duwatsu ɗan Masar, ya yaɗa fassarar cewa baƙaƙen ramuka ake nufi, yana dogara da cewa tushen kalmar na ɗauke da ma'anar shara, su kuma suna share sama.

Ba na tuhumar niyyar kowa, kuma na san wannan fanni ya jawo zukata da yawa zuwa ga Littafi. Amma ni ba zan ce ayar ta ce haka ba. Rami ba tsintsiya ba ne. Da za a musanya rana da rami mai nauyinta, duniya za ta ci gaba da kewayenta ba tare da ta matsa taku ɗaya ba, sanyi da duhu kawai za su kashe mu. Mafi yawan ramuka ma, har da namu, yunwa suke kwana da ita. Abin da ya fi wannan nauyi a wurina kuwa shi ne, wanda ya ɗaure aya a jikin fassarar 2023 me zai ce a 2025? Zancen Allah ba ya bukatar a jingina shi da garun da ake kan ginawa. Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya yi kashedi a Muwafaƙat game da ɗora wa Alƙur'ani ilimomin da waɗanda aka saukar a cikinsu ba su san su ba. Gazali kuma, ta ɗaya ɓangaren, ya yi kashedi a Tahafut ga masu ƙaryata lissafin husufi da sunan kare addini, ya nuna cutar da suke yi masa ta fi ta maƙiya. Tsakanin waɗannan kashedi biyu akwai fili mai faɗi. An umurce mu da duban sama da tunani a cikinta, wannan umurni ya isa ya sa ɗan musulmi ya zauna ya koyi lissafin Eddington har ya ƙware, ba sai an ce masa sunan ramin yana cikin sura ba.

Kwatanta Ka'aba da rami kuwa, ka bar shi. Ɗaki ne na dutse da Annabi Ibrahim da Annabi Isma'ila suka ɗaga harsashinsa, alƙibla ce, ba ta haɗiye kowa, wanda ya zo gare ta yana komawa gida da sauƙin kaya. Baƙin da ka gani launin rigarta ne, kuma an tufatar da ita fari, an tufatar da ita ja da kore a zamunna daban-daban, sai a ƙarshen daular Abbasiyawa, zamanin halifa Annasir, baƙi ya tabbata. Ko ta fuskar falaki misalin bai zauna ba, domin ranarmu ba ramin take kewayawa ba. Nauyinsa ɗan kaɗan ne a gefen nauyin birnin, kuma jimillar birnin ce ke riƙe da ita a tafiyarta ta shekara kimanin miliyan 230.

Daren jiya, kafin in kammala wannan, muka bar fitilun gari muka yi kudu, muka wuce dutsen Saur har hasumiyar ta koma ɗan koren ɗigo a bayanmu. Bazara ce, iska na da zafi ko da dare. Da idanunmu suka saba da duhu sai Kunama ta fito sarai da jan tauraronta, Majarra kuma ta miƙe daga wutsiyarta ta yi sama, da baƙar tsaga a tsakiyarta. Na nuna masa wurin, kaɗan arewa maso gabas da harbin Kunama, na ce cibiyar tana nan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: "Kawu, ni fa ba na ganin komai a wurin." Na ce masa ƙurar ce yake gani. Ya tambaye ni wane lissafi ake fara koya kafin a kai ga wannan, muka koma mota muna maganar, don mu samu sallar asuba a Harami.